Musayar Waƙa: Ramin Harry na Zagan

Ɗan Gwandu:
Salamu alaikum 'yan zaure. Na leƙa garin Zagan a ƙasar Foland, inda Jamus ta tsare matuƙan jiragen yaƙi na abokan gabarta a sansanin Stalag Luft III lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har suka haƙa rami don tserewa. Ga tawa ƙwar biyu, mai amsa ya amsa.

Na taka Zagan na ga tushen ɗakuna,
Ciyawa ta haye su, ko'ina daji.
A 1942 aka buɗe shi,
Jamus ta zaɓi wurin saboda rairayi.
In ka haƙa ya rufto maka a ka,
In ka zubar launinsa ya tona asiri.
Duk da haka ramuka uku suka tona,
Tom da Dick, na ukunsu Harry.
Ƙarƙashin murhu a ɗaki na 104,
Mita 9 suka nutsa, suka miƙe rami.
Katakon gado suka sa tokara,
Gwangwanin madara ke kai iska ciki.
Ƙasar kuwa a jaka cikin wando,
Ana kakkaɓe ta ana yawo a fili.
Yau an shata layinsa a doron ƙasa,
Ka bi da ƙafa, mita 100 da ɗori.

Hajiya Mai Alƙalami:
Malam, waƙa ta yi daɗi,
Sai dai ba ka kai ƙarshen zance ba.
Daren 24 ga Maris, 1944,
Bakin ramin bai kai ga itatuwa ba.
Mutum 200 aka shirya,
76 suka fice, saura ba su samu ba.
An kamo 73, Hitila ya fusata,
50 Gestapo, 'yan sandan asirinsa, ba ta bari da rai ba.
Roger Bushell da ya kitsa abin,
Shi ma bai sake ganin gida ba.
Uku suka sha, biyu 'yan Norwe da ɗan Holan,
Ni ban ga ribar wannan ciniki ba.

Ɗan Gwandu:
Hajiya, laifin na mai bindiga ne,
Ba na wanda ya nemi kuɓucewa.
Yarjejeniyar Janeba ta 1929
Ta yanke hukuncin mai tserewa:
Kwana 30 a kulle, iyakarsa,
Ba ta ce a kai shi ga harbewa.
Gawarwakin ma ƙona su aka yi,
Toka aka maido don binnewa.
Abokan zamansu suka ɗora dutse,
Da hannunsu suka gina kushewa.

Baba Tsohon Soja:
'Ya'yana, kun tsaya kan hafsoshi,
Masu karɓar ƙunshin Red Cross abinsu.
Gidan tarihin da ka shiga, Ɗan Gwandu,
Filin sansanin Stalag VIII C ne, tambaye su.
Nan aka jibge sojojin Sobiyet,
Yunwa da cuta suka cinye su.
Jamus ta fake da cewa Mosko
Ba ta sa hannu ba, ba ruwanta da su.
Babu madara balle gwangwaninta,
Da wane ƙarfi za su haƙa nasu?
Dubbai ne, an haɗa su a manyan ramuka,
A cikinku wa zai kawo sunayensu?

Hajiya Mai Alƙalami:
Baba ka gama magana, Allah ya ƙara girma. Malam kuwa ina nan kan bakana game da hamsin ɗin nan. Saura wanda zai ɗauko mana tattakin Janairun 1945, lokacin da aka kora fursunonin zuwa yamma a ƙafa cikin ƙanƙara don sojan Sobiyet sun matso. Da amsa-amon "ra" nake so.