Ƙarar famfon ruwa a cikin jirgi

Tambaya:
Assalamu alaikum. Famfon ruwan jirgina mai aiki da batir na volt 12 yana ƙara da jijjiga sosai duk lokacin da aka buɗe ruwa, har katakon da aka ɗaure shi a jiki yake rawa. Yaya zan rage wannan?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam, Malam. Yawancin ƙarar daga katakon take fitowa, domin siririn katako yana amsa jijjiga kamar fatar ganga. Ka mayar da famfon kan katako mai kauri, ka sa roba a ƙarƙashin ƙafafunsa, kuma kada ka matse notunan har robar ta lotsa, domin idan ta lotsa ba ta da sauran amfani.

Amsa ta biyu:
Roba kaɗai ba za ta wadatar ba muddin bututu mai tauri yana haɗe da famfon kai tsaye. Ka sa tiyo mai laushi a mashiga da mafita, ka bar shi ya ɗan lanƙwasa.

Amsa ta uku:
Ka duba matatar ma, Malam, domin toshewarta ko shigar iska cikin tiyo na ƙara ƙarar.