Ciyar da majinyaci ta roba da ta jijiya: shawarwarin da aka bayar a Katsina

Ma'aikatan jinya da masu zaman jinya sun tattauna a Katsina kan majinyacin da ya galabaita har ba ya iya haɗiya.

An fi daɗewa kan robar hanci, wato robar da ake zurawa ta hanci zuwa tumbi don ciyar da majinyaci. Babbar fargaba ita ce abinci ya kauce ya faɗa huhu ya jawo namoniya. Don haka a ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45, kuma kada a zuba komai sai ma'aikaci ya tabbatar bakin robar yana cikin tumbi. Wata nas ta roƙi 'yan uwa su daina ɗura kunu a ɓoye da dare. Ta ce ta san tausayi ne ke sa su, amma kunu mai kauri yana toshe robar. A riƙa wanke ta da ruwa bayan kowane magani.

Wanda ya daɗe bai ci ba, a fara masa kaɗan-kaɗan. In aka cika masa lokaci guda, sinadaran fosfet da fotashiyam na jininsa suna faɗuwa, bugun zuciya ya rikice.

Ciyarwa ta jijiya kuwa, wato zuba sinadaran abinci kai tsaye cikin jini, ba a yin ta sai hanji ya gaza. Haɗarinta shigar ƙwayoyin cuta cikin jini da hawan sukari, shi ya sa ake yawan auna sukarin.