Na sayi Boxer na hannu, da me zan fara kafin in hau titi?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allah Ya nufa na sayi mashin Bajaj Boxer na hannu ta wurin dillali, don zuwa aiki daga Mabera zuwa Wamakko, wani lokaci in leƙa gida Boɗinga. Da safe sai na sha kik kafin ya tashi, yana ɗan fitar da hayaƙi a salansa, sarƙa kuma tana ƙara. Wani bakanike ya ce a buɗe inji a sa ringi da fistin sababbi. Kuɗin da suka rage min kaɗan ne, kuma rasit ɗaya kawai aka ba ni, babu lamba. Don Allah da me zan fara?

Baban Hajara: Wa alaikumus salam. Allah Ya sa alheri, Ya tsare hanya. Ƙanena, aje maganar inji tukuna. Ɗauki rasit ɗin nan ka duƙa ka duba lambar inji da lambar da aka buga a wuyan mashin, ka ga ko sun yi daidai da abin da ke rubuce, harafi da harafi. In ka ga alamar an goge wuri ko an sake bugawa, maida wa dillali kayansa tun la'adarsa ba ta narke ba. In sun dace, a rubuta takardar ciniki, mai mashin ya sa hannu da lambar wayarsa, da shaidu, ba dillali kaɗai ba. Sannan ka yanki lamba. Yadda shingayen jami'an tsaro suka yi yawa yanzu, mashin marar lamba tambaya yake jawo wa mai shi.

Oga Bakanike, Arkilla: Gaskiya Baba yaf faɗi. Ni kuma ga nawa: kar ka yarda a buɗe injin wanga yanzu. Hayaƙi kala-kala ne. Baƙi, fetur ne ya yi yawa, matsalar kafireto ce ko soson iska ya toshe, kuma da ƙurar hunturun Sakkwato ba abin mamaki ba ne. Mai shuɗi-shuɗi da ƙaurin mai, shi ne injin ke shan baƙin mai. Fari ɗan kaɗan da sanyin safe wanda ke ɓacewa in inji ya yi zafi, wannan tururi ne kawai.

Abin da za ka yi: a juye baƙin mai yana da ɗumi, a tara shi a roba mai tsabta, ka sa yatsa ka murza. In ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, to akwai magana. In babu, zuba sabon 20W-50 na galan mai hatimi, kusan lita ɗaya yake ci, ban da na awo da ake sayarwa bakin hanya. A cire filogi ka duba bakinsa: ruwan ƙasa lafiya lau, baƙi busasshe fetur ne, baƙi mai danshi baƙin mai ne. Sa sabo, a wanke kafireto da soso, a saita bawul. Mafi yawan mashinan da ke wahalar tashi nan suke warkewa. Ka hau shi mako biyu kana duba yawan baƙin mai kowace safiya. In mai na raguwa, sannan a yi zancen ringi.

Mai Kabu-kabu: Oga, ni dai na saɓa da kai kaɗan. Mashin da yas sha kabu-kabu, ringinsa ya riga ya tafi, gara a yi aiki sau ɗaya a huta.

Oga Bakanike, Arkilla: Wa ya ce maka ya sha kabu-kabu? Ba a yi wa mutum tiyata don ya yi tari. Kuma ringin jabu ya cika kasuwa, sai a cire mai kyau a sa maka wanda bai kai shi ba.

Malama Ummu Sadik: Duk kun tafi inji kun bar abin da ke kai mutum asibiti. Ɗan'uwa, birki da taya. Masu sayarwa suna shafa wa taya mai ta yi ƙyalli. Duba gefenta, yawanci akwai lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya mai tsattsagewa ba ta jure kwalta a zafin Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40. A buɗe birkin gaba da na baya a ga abin da ya saura. Ka sayi hular kwano kuma, ko da abokai za su yi dariya.

Mai Kabu-kabu: Sarƙa kuma, ja ta daga bayan faifan haƙoran baya. In ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ko haƙoran sun yi tsini, canza su gaba ɗaya, sarƙa da faifai biyu. Sabuwa kan tsoho ba ta daɗewa. Kar a ɗaure ta tamau, a bar mata wasa kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi.

Ɗan Mabera: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na duba, lambobi sun dace. Amma tayar gaba 2018 ce, kuma filogi baƙi ne busasshe. Gobe in sha Allahu taya da birki zan fara. Oga, ƙarfe nawa kake buɗe shago?

Oga Bakanike, Arkilla: Takwas. Ka zo da injin a sanyi in za ka iya, bawul ba a saita shi da zafi.