Musayar Waƙa: Hawayen Uwa a Gaban Maryamu

Maman Tagwaye (Yelwa, Bauchi):
Salama gare ku 'yan'uwa. Yanzu na dawo daga Misar safe a cocin St. John, zuciyata ta yi nauyi. Babban ɗana wata 7 ke nan bai taka coci ba. Mai amsa ya amsa.

Asuba ta yi, na ɗaura auta a bayana,
Rosari a hannu, ƙwalla fal a idona,
Shida na haifa, ɗaya na ƙasa ya kwana,
Babban ya bar coci, ya bar ni da tunanina.

Maryamu uwa, ke kin san irin ciwona,
Takobin da Saminu ya faɗa zai soki zuciyarki, ga shi a ƙirjina.

Ɗan Katekis (Tafawa Ɓalewa):
Mama, share hawaye, ki daina ƙorafi,
Gicciye aka ba ki, ki ɗauka da ƙarfi,
Wata bakwai kawai har kin fara jin zafi?
Monika ta yi shekaru cikin addu'a mai zurfi.

Waliyiya Monika, 'yar Tagaste a ƙasar Aljeriya ta yau, ta bi ɗanta Agustin har Milan. A shekara ta 387 Bishop Ambros ya yi masa baftisma, a shekarar kuma ta rasu. Haƙuri dai, Mama.

Maman Tagwaye:
Ɗana, kai ka san Monika a takarda,
Ni na san ta a ɗakin naƙuda,
Wa ya ce ba ta yi kuka ba? Koma ka duba ka yarda,
Hawayenta ne bishop ya gani ya shaida.

Wani bishop ne ya gaya mata ɗan da aka zubar wa hawaye haka ba zai hallaka ba. To ka bar ni in zubar da nawa.

Goggon Billiri:
Ayyururui! Maman Tagwaye kin rufe masa baki. Zumuntar Mata ba a ja da mu!

Mu ke tashi kafin a ji cara,
Mu soya ƙosai, mu biya makarantar yara,
Ranar Asabar mu ne a coci muna shara,
Maza na majalisa, wai su ne masu gyara.

Mai Alƙalami (Gombe):
Goggo, a gafarce ni. Layinki na farko gaɓa 10 ne, na biyu 14. Karin ya karye. Amsa-amo kaɗai ba ya yin waƙa.

Baiti kamar ɗaki ne, sai an auna,
In bango ya karkace ba a kwana.

Goggon Billiri:
Ana maganar uwa da ɗanta, kai kana ƙirga gaɓa? Mu da tulu da tafi muke auna tamu. Ka zo ranar taron Zumunta ka ga ko akwai ƙafar da za ta tsaya.

Ka riƙe ma'auninka, malamin ƙirga,
Waƙar da ta fito daga ciki ita ke shiga.

Ɗan Katekis:
Gaskiyar Mai Alƙalami ce, Goggo. Har "ƙirga" da "shiga" ɗin ma da ƙyar suka gaisa.

'Yar Kwaya (Kaltungo):
Dukansu da "ga" suka ƙare, ina laifin? Kai da ka cusa "ƙorafi" don kawai ya hau kan "ƙarfi", har ka ce wa uwa mai ƙorafi. Goggo ce gwanar zauren nan, wanda bai so ba ya sha ruwa.

Mai Alƙalami:
Rubutacciyar waƙa daban, ta baka daban. Wannan fa ba gaba ba ce, ƙanwata.

Baban Yara (Dass):
Sai yau na ga wannan, kwana biyu wayar ba caji. Goggo, ba za ni bar maganar majalisa ta wuce ba.

Ni ma na durƙusa da dare ina roƙo,
Na sayar da akuya don maganin ɗan kuka da ƙoƙo,
Amma na yarda, uwar yara ce ta fi ni farko,
Ta koya musu alamar gicciye tun ba su yi haƙori ba.

'Yar Kwaya:
Baba, layin ƙarshe ya faɗi a rami, amma mun karɓa. Mai Alƙalami, ka yi shiru a nan?

Maman Tagwaye:
Kun cika zauren da gaɓa, na bar ku. Ga labarin jiya Lahadi. Na fito da auta a baya, ban samu abin hawa ba, sai ga babban ɗana ya turo babur ɗinsa, bai ce komai ba.

Ya kai ni har ƙofar coci ya tsaya,
Bai shiga ba, ya jingina da taya,
Na karɓi Jibin Ubangiji ina waigen baya,
Na fito na same shi, ya sayo wa auta gyaɗa.

Mai Alƙalami, na san na ƙarshen bai hau ba, haka abin ya faru ne. Goggo, ku sa sunansa a rosarin Laraba, zan turo miki ta waya.