Etiriye: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Ɗan koyo, Garwa: Salamu alaikum manyanmu. Ƙarfen nan da ke damƙe faifan birki a ƙafar babur, mu a gareji etiriye muke ce masa, masu kawo kaya daga Mubi kuma su ce kalifa. Ba shi da suna da Hausa ne?

Malamin makaranta, Marwa: Wa alaikumus salam. Etiriye a Faransanci likkafa ce, ta sirdin doki. A ce likkafar birki mana.

Tsohon makanike, Kuseri: Malam, ku gafarce ni, wannan ba za ta zauna ba. Ku ce wa ɗan kalando, mai babur na haya, likkafar birkinsa ta lalace, inda yake taka ƙafa zai duba. A bi aikin abin. Ka matsa hannun birki, man birki ya bi tiyo ya tura fistin, falaket biyu, 'yan allunan nan masu gogar faifai, su matse faifan ta kowane gefe. Awartaki ke nan, irin na maƙera.

Ɗan koyo: To Baba, na baya fa? Na kwance wani, fistin ɗaya na gani, a gefe guda.

Tsohon makanike: Shi ma awartaki ne, yaro. Fistin ya tura falaket ɗaya, jikin ya zame a kan ƙusoshi biyu ya janyo ɗayar. Ƙurar hunturu ta toshe ƙusoshin nan, sai ka tarar falaket ɗaya ta cinye, 'yar'uwarta sabuwa fil. Da gangan aka rage wa birkin baya ƙarfi. In an taka birki nauyi gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau, matsa kaɗan ta kulle ta ja ka a yashi. Shi ya sa na gaba ke da faifai babba da fistin biyu, a manyan babura har huɗu suna fuskantar juna, jikin kuma a kafe. Yawancin baburan haya ma ba su da shi a baya, tambur ne, wato gangar birki, da takalmi.

Malamin makaranta: Na janye likkafa. Awartakin gaba, awartakin baya. Na manyan baburan kafaffe, ɗayan mai zamiya.

Mai sayar da kayan gyara, Injamena: Mun karɓa. Amma mai zuwa saye ya riƙo tsohon a hannu, don ramukan ƙusa ba ɗaya ba ne.