Neman kalmar Hausa: wane suna ya dace da "horseless carriage"?

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu aikin fassara. Ina shirya darasin tarihin sufuri da Hausa, sai na ci karo da sunan da mutanen Ingila da Amurka suka fara kiran mota da shi a ƙarshen ƙarni na 19, wato "horseless carriage", ma'ana abin hawa irin wanda doki ke ja, amma babu dokin. Faransawa ma haka suka kira ta, domin gasar da jaridar Le Petit Journal ta shirya daga Faris zuwa Rouen a 1894, gasar motoci marasa dawaki aka sa mata suna, kuma a 1895 aka kafa mujalla a Amurka mai suna The Horseless Age.

Kafin mu zaɓi kalma, ya kamata mu san cewa sunan nan siffanta abin da ido ya gani ne. A 1886 Gottlieb Daimler na Jamus keken doki ya saya, ya ɗora masa injin fetur. 'Yan'uwan nan biyu, Charles da Frank Duryea, haka suka yi a Springfield ta Amurka a 1893 da wani tsohon keken doki. Kujera tana can sama, ƙafafun dogaye ne sirara, babu sitiyari sai wani ƙarfe da direba ke karkatawa, duk wanda ya hango abin yana tafe kuwa, abin da zai fara lura da shi shi ne gaban nan fayau inda ya saba ganin doki. Karl Benz na Jamus ne ya ɗan bambanta, domin motarsa mai ƙafa uku, wadda ya yi wa rajista ranar 29 ga Janairu, 1886, daga tushe ya ƙera ta. Irinta ce matarsa Bertha ta tuƙa a watan Agustan 1888 daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar fiye da kilomita 100, har ta tsaya sayen mai a shagon magani a Wiesloch saboda babu gidan mai a lokacin.

Da na nemi shawara kan sunan Hausar da ya dace, wani ɗan'uwa ya ce a rubuta "tsohuwar mota" a huta. Ban gamsu ba, domin duk akwalar da ke ajiye a garejin bakanike tsohuwar mota ce, kuma dokin da shi ne ruhin sunan ya ɓace. Wani kuma ya kawo "keke maras doki", amma a kunnen Bahaushen yau keke shi ne wanda ake tuƙawa da ƙafa, irin wannan keken kuwa ba a taɓa ɗaura masa doki ba balle a ce an cire. Amalanke da kura na dakon kaya ne, alhali abin da ake magana a kai na hawan masu hali ne. "Dokin ƙarfe" yana da daɗin faɗi, sai dai ya juya ma'anar, ya mai da injin doki, alhali Turawan rashin dokin suke nunawa.

Wahalar tana da dalili, kuma shi ne ya fi jan hankalina. A ƙasar Hausa doki hawansa ake yi, kaya kuma jaki da raƙumi da takarkari ke ɗauka, saboda haka da mota ta iso ba ta tarar da keken dokin da za ta gada ba, sai muka karɓi sunanta kai tsaye, wasu su ce mota, wasu su ce mato. Amma dabarar kiran sabon abu da sunan tsoho ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin jirgi na ruwa muka sani, da wasu suka zo muka ce jirgin ƙasa da jirgin sama.

Wani malami kuma ya kawo "keken doki maras doki", na yarda kowa zai gane shi nan take, kuma zan yi amfani da shi wajen yi wa ɗalibai bayani a karon farko. Sai dai maimaita doki sau biyu yana da nauyi a jimlar da za ta dawo sau da yawa cikin darasi ɗaya. Shi ya sa na tsaya a kan "karusa marar doki", jam'inta "karusai marasa doki". Karusa tana cikin ƙamusoshinmu da ma'anar abin hawan da dawaki ke ja, ba ta rikicewa da keke, kuma tsufan da ake ji a jikinta ya dace da sunan da su Turawan ma suka daina amfani da shi.

Zan taƙaita amfani da wannan suna ga motocin ƙirar farko, masu inji a ƙarƙashin kujera ko a baya. Kamfanin Panhard et Levassor na Faransa ya mai da inji gaba tun 1891, sauran maƙera suka bi sawu sannu a hankali, daga motar Model T ta kamfanin Ford ta 1908 zuwa gaba kuwa mota kawai zan rubuta.