Neman Shawara: Shatar Mota ta Yini Ɗaya Daga Fas Zuwa Kufan Walili da Birnin Miknas

Mai tambaya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa waɗanda suka san ƙasar Maroko. In Allah ya yarda, a watan Afrilu zan raka mahaifina da mahaifiyata birnin Fas domin ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, kuma mai ɗakina da ƙanena za su biyo mu. Mun ware yini ɗaya na fita wajen gari, sai dai kowa da inda zuciyarsa ta karkata. Baba yana son ya kai ziyara hubbaren Maulay Idris da ke kan dutsen Zarhun, ni ina son ganin kufan Walili na zamanin Rumawa, ita kuwa mai ɗakina birnin Miknas take so ta gani. An nuna mini hanyoyi uku: mu shiga bas ta 'yan yawon buɗe ido a biya kuɗin kowane mutum, ko mu ɗauki shatar mota da direbanta, ko kuma mu hau jirgin ƙasa zuwa Miknas mu ƙarasa a tasi. Baba ya haura shekara saba'in kuma gwiwa tana damunsa, Mama kuma ba ta jure tafiya cikin rana. Shin shatar ta cancanci kuɗinta? Wuraren nan uku za su yiwu a yini ɗaya? Me ya kamata in tsayar da mai mota kafin in ba da kafin alƙalami?

Wani ɗalibi mazaunin Fas:

Wa alaikumus salam, Yaya. Allah ya kawo ku lafiya, ya karɓi ziyara. Wuraren uku suna yiwuwa a yini ɗaya, domin ba su da nisa da juna. Daga Fas zuwa Miknas kimanin kilomita 60 ne, daga Miknas zuwa Walili kimanin 30, tsakanin Walili da garin Maulay Idris kuwa bai wuce kilomita 5 ba, har ma kana tsaye a cikin kufan za ka hango fararen gidajen garin a jikin dutse.

Tunda akwai dattawa a tafiyar, ni shata nake ba ka shawara, kuma dalilina ba daɗin kujera ba ne. Abin da za ka saya da kuɗinka shi ne ikon tsara lokaci. Bas ta haɗaka tana tafiya ne da agogon mutanen da galibinsu ba salla za su tsaya yi ba, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan tafiye-tafiye ba sa shiga garin Maulay Idris sosai, sai dai a tsaya a wani wuri mai tudu a ɗauki hoto a wuce. Ga Baba, wannan daidai yake da ba a je ba. Idan motar taku ce, ku za ku ce a tsaya, ku za ku ce a tashi.

Tsarin da zan ba ka shi ne ku bar Fas da misalin ƙarfe takwas, ku nufi Walili kai tsaye, ku gama da ita kafin rana ta take. Daga nan ku hau garin Maulay Idris ku yi sallar azahar da ziyara, ku ci abinci, sannan ku gangara Miknas da la'asar, ku komo Fas ta babbar hanya. Kada ka yarda direba ya juya wannan tsari ya fara da Miknas, domin idan ya yi haka za ku isa Walili da tsakar rana, kuma wurin fili ne fetal. Ka kuma sani cewa mota ba ta shiga tsohon birnin Fas, saboda haka idan masaukinku yana kusa da zawiya, sai kun taka zuwa inda mota ke iya tsayawa, kamar dandalin Rasif ko ƙofar Bujulud. Ku tsayar da wurin haɗuwa tun ana gobe tafiya.

Wani Alhaji ɗan kasuwa daga Maraɗi:

Malam, ni ra'ayina ya ɗan bambanta da na wannan yaro, ko da yake ya fi ni sanin gari. Jirgin ƙasa tsakanin Fas da Miknas bai kai tafiyar awa guda ba, yana da tsabta, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Daga Miknas akwai manyan tasi da ke lodin fasinja shida zuwa Maulay Idris, kuma ku biyar idan kuka biya kujera ta shida, motar ta zama taku ke nan. A nan ma za ka iya yin ciniki da direban ya kai ku Walili ya jira ku. Wanda ya iya Faransanci ko ɗan Larabci zai rage kuɗi mai yawa ta wannan hanya. Amma gaskiya idan babu mai jin yaren a cikinku, ga kuma tsoho mai ciwon gwiwa da za a yi ta hawa da sauka da shi, abin da za ka rage bai kai wahalar ba.

Wata Hajiya daga Kano:

Ɗana, ka ɗauki shatar, amma ka buɗe ido wajen yarjejeniya. Na yi wannan tafiya da tawa mahaifiyar, kuma abin da ya ɓata mana rai shi ne direban da aka haɗa mu da shi ya tsayar da mu a wani shagon darduma a Miknas da sunan shan shayi, aka yi ta shimfiɗa mana kaya ɗaya bayan ɗaya, kunya ta hana mu tashi, har lokacin da muka tanada don ganin gari ya tafi. Kamasho yake samu a kan duk abin da baƙo ya saya. Saboda haka ka rubuta masa a saƙon waya, ya amsa a rubuce, cewa babu tsayawa a shago sai inda kuka nema da kanku. Ka ƙara da cewa ba ku son a biya da ku gonakin inabi, domin yankin Miknas ya yi suna wajen sarrafa giya, kuma wasu kamfanoni suna sanya wannan a cikin tsarin tafiyarsu kamar wani abin alfahari.

Ka tambaya ko kuɗin na mota ne gaba ɗaya ko na kowane mutum, ko ya haɗa da mai da kuɗin babbar hanya da na ajiye mota, da kuma ƙarfe nawa yinin zai ƙare. Tikitin shiga Walili da abinci galibi ba sa ciki. Ka nemi hoton motar ma, domin ku biyar ga direba ƙaramar mota ba za ta ɗauke ku ba, sai mai kujera bakwai, kuma ka tabbatar na'urar sanyaya iska tana aiki. Kada ka biya duka sai an dawo da ku.

Game da iyayenka, daɓen Walili tsofaffin duwatsu ne marasa daidaito, wani wuri hawa wani wuri gangara, kuma inuwa ba ta da yawa. Mama ta riƙe lema da ruwa, ta sa takalmi mai rufi ba silifa ba. Ba lallai ne su zagaya ko'ina ba. Idan suka kai tsakiyar kufan inda manyan ginshiƙai suke, wanda shamuwa ke yin sheƙa a kansu, sun ga abin da ake zuwa gani, sai su zauna ku matasa ku ƙarasa. Akwai kuma abin da ba a faɗa wa mutum sai ya je: zane-zanen da aka yi da ƙananan duwatsu masu launi a daɓen gidajen, waɗanda su ne abin da wurin ya fi shahara da shi, wasunsu siffofin mutane ne babu tufafi. Ka gaya wa ɗan jagora tun a ƙofa cewa kana tare da iyayenka da mai ɗakinka, ya bi da ku ta inda zanen dabbobi da kifaye yake. Garin Maulay Idris kuma duk matakala ne, amma hubbaren yana kusa da babban dandalin gari, saboda haka direba ya sauke ku a can, kada Baba ya ce zai hau wurin da ake hango gari daga sama.

Wani malamin tarihi:

Ina goyon bayan abin da Hajiya ta faɗa, sai dai ina so in nuna wa mai tambaya cewa burin mahaifinsa da nasa labari ɗaya ne, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa bai kamata a yi wa rabin farko na yinin gaggawa ba.

Walili gari ne na Barbarawa, 'yan asalin arewacin Afirka, tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, sannan ya koma hannun Rumawa a ƙarni na 1 bayan haihuwarsa, ya yi arziki da alkama da man zaitun; har yanzu ana ganin duwatsun matse zaitun a cikin gidaje da dama. Babbar ƙofar nasara da ke tsaye a wurin an gina ta ne a shekarar 217 don girmama sarki Karakala. Rumawa sun janye wajen shekarar 285, amma garin bai mutu ba, mutane sun ci gaba da zama a cikinsa. A nan ne Idris ɗan Abdullahi, wato Maulay Idris da Baba yake son ziyarta, tattaɓa-kunnen Sayyidina Hasan, ya sauka a shekarar 788 bayan ya tsira daga yaƙin Fakhkh da aka yi kusa da Makka a 786, ƙabilar Auraba ta karɓe shi ta yi masa mubaya'a. Ya rasu a 791, kuma ɗansa Idris na Biyu ne ya raya birnin Fas, wanda hubbarensa yake a tsakiyar tsohon birni ba nisa da zawiyar Shehu. Ke nan idan aka bayyana wa Baba haka, ba zai ɗauki Walili a matsayin kangon Turawa da ɗansa ya ja shi zuwa gani ba. Mutanen yankin sun daɗe suna kiran wurin fadar Fir'auna, amma ba shi da alaƙa da Fir'aunan Masar.

Abin da ya rusa garin kuwa har da girgizar ƙasa ta 1755, da kuma kwasar duwatsunsa da aka yi don ginin Miknas. Sarki Maulay Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, shi ne ya mayar da Miknas babban birninsa, ya kewaye shi da ganuwa mai kauri, ya gina rumbuna da bargar dawaki da ake kira Hari Suwani, da babban tafki a gefensu. Ƙofar Mansur, wadda aka kammala a 1732 zamanin ɗansa Maulay Abdullahi, tana fuskantar dandalin Hadim, kuma hubbaren sarkin yana ɗan taƙi kaɗan daga nan. Hukumar UNESCO ta sanya Miknas cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1996, Walili kuma a 1997.

A ganina, Miknas birni ne da ya cancanci yini na kansa, kuma abin da za ku samu da yamma ɗanɗano ne kawai. Ku taƙaita a kan ƙofar Mansur, da dandalin, da hubbaren sarki, rumbunan kuma a kai ku a mota domin suna da nisa da ƙafa. An shafe shekaru ana gyaran gine-ginen tarihi na birnin, saboda haka ka sa mai motar ya tabbatar maka waɗanda suke buɗe kafin ranar. Idan gajiya ta kama dattawa, Miknas za a rage, ba Zarhun ba. Ina neman afuwar uwargida.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karkata ga shata, bisa tsarin da ɗalibin nan na Fas ya zana, kuma zan rubuta sharuɗɗan da Hajiya ta lissafa. Saura abu biyu. Mai motar da nake magana da shi ya ce direbansa shi ne zai yi mana bayanin wuraren. Shin wannan ya wadatar? Kuma ranar da ta fi mana sauƙi Juma'a ce, ko akwai matsala?

Ɗalibi mazaunin Fas:

Yaya, direba daban, ɗan jagora daban. A Maroko aikin jagorancin baƙi sai da lasisin hukumar yawon buɗe ido, kuma masu shi suna ɗauke da katin shaida. Direba zai yi muku hira a hanya, amma idan kun isa Walili a wurin ajiye motoci zai tsaya. A bakin ƙofa akwai 'yan jagora na wurin. Ka zaɓi mai Larabci ko Turanci gwargwadon abin da kuka fi ji, ku yanke kuɗi da tsawon lokaci kafin ku shiga, ka kuma roƙi mai Larabcin ya yi magana da Larabcin littafi, domin Larabcin kasuwa na nan ko wanda ya yi karatu mai zurfi a gida sai ya ɗauki lokaci kafin kunnensa ya saba. A Maulay Idris ba ku buƙatar kowa, ko da yake samari za su tare ku suna cewa za su nuna hanya. A Miknas ma wuraren da Malam ya ambata direba zai iya sauke ku a bakin kowanne.

Juma'a kuwa ban ba ka shawara ba. Hubbaren yana cika da jama'a lokacin salla, wanda zai wahalar da Baba, shaguna da yawa a tsohon birnin Miknas suna rufewa bayan an sauko, sannan kuma za ku rasa zikirin yammacin Juma'a a zawiya, wanda na tabbata Baba ba zai yarda ya wuce shi yana kan hanya ba. Ka duba Talata ko Laraba. Ka kuma canza isasshen dirhami tun daga Fas, har da ƙananan kuɗi na tukwici da banɗaki, domin ba ko'ina ake karɓar kati ba a wajen birni.